Ayalan ta buɗe ƙofa ga kamfanonin duniya: wa ya ci riba, wa aka bari?

Ɗan_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga 'yan'uwanmu da ke zaune a Ayalan ne, da duk wanda ya san harkar. In aka raba arzikin ƙasa da yawan mutanenta, kullum Ayalan a sahun gaba take fitowa, ta wuce Jamus, ta wuce Faransa, ta wuce Ingilar da ta mulke ta. Ƙasar da yunwa ta kashe wa mutum wajen miliyan ɗaya daga 1845. An ce sirrin shi ne ta buɗe ƙofa ga su Apple da Google da Intel da Pfizer. To amma kuma sai in ji ma'aikaci mai albashi yana raba ɗaki ɗaya da wani a Dublin, matasansu kuma suna ta tafiya Ostireliya. Ni dai a ganina dunƙulewar kasuwar duniya ta azurta ƙasar amma ta bar mutanenta: mai shi ya ƙara samu, talaka yana nan inda yake. Wanda ya sani ya warware mini.

Baban_Khalifa:
Wa alaikumus salam. Daga Blanchardstown nake rubuto maka, yammacin Dublin. Maganar ɗaki gaskiya ce, ba ƙari a ciki. Sabuwar haya a Dublin matsakaicinta ya haura Yuro 2,000 a wata. Mafi ƙarancin albashi a 2025 Yuro 13.50 ne a awa, wato mai aikin awa 39 a mako zai tashi da wajen 2,280 a wata kafin a cire haraji. Ka ga lissafin ba ya haɗuwa sai an haɗa kai an raba gida. Amma cewa talaka yana nan inda yake, a nan muka rabu. Talakan nan yana da katin asibiti, yana karɓar Yuro 140 duk wata kan kowane yaro, makaranta kyauta. Ka tambayi tsofaffinsu yadda aka yi rayuwa a shekarun 1980 ka ji.

Malam_Lissafi:
Kafin a yi nisa a fara gyara ma'auni. Abin da ka gani a jerin nan GDP ne, wato jimillar darajar abin da aka samar a cikin ƙasa a shekara, shi kuwa a Ayalan ba ya faɗin gaskiya. Kamfanonin Amurka suna yi wa haƙƙin mallakar fasaharsu rajista a can, sai ribar wayar da aka haɗa a Asiya aka sayar a Jamus ko Dubai ta bayyana a littafin Ayalan. Ga kuma kamfanonin da ke ba da hayar jiragen sama, da yawansu a Dublin suke da ofis, jiragen kuwa ba sa ko sauka a can. A 2015 alƙaluma suka nuna tattalin arzikin ya ƙaru da kashi 26 cikin ɗari a shekara guda. Ba wata masana'anta da aka gina mai girman haka, kadarori ne kawai aka sauya wa adireshi. Har masanin tattalin arzikin nan na Amurka, Paul Krugman, sai da ya yi musu ba'a. Kamar uwar adashe ce: kuɗi jibge a hannunta, amma na masu zubi ne, nata ɗan abin da ake cire mata ne kawai. Shi ya sa a 2017 hukumar ƙididdigarsu, CSO, ta fito da wani ma'auni da ke tace irin waɗannan kuɗaɗe. In aka auna da shi, abin da ya rage bai cika kai kashi 60 cikin ɗari na GDP ba. Ƙasa ce mai rufin asiri sosai, sa'ar Jamus da Holan, ba wai ta ninka su ba. Sannan tana cikin biyu ko uku mafi tsadar kaya a Tarayyar Turai.

Sarkin_Musu:
Malam, wannan "ɗan abin da ake cire mata" da ka raina, a 2023 harajin kamfanoni kaɗai ya kawo wa gwamnatinsu kusan Yuro biliyan 24. Mutum miliyan biyar da 'yan kai. Allah Ya ba mu irin wannan rainin.

Malam_Lissafi:
Ban raina ba. Amma ka ƙara da cewa kamfanoni goma ne ke biyan fiye da rabin kuɗin. Zan dawo kan wannan.

Tsohon_Malami:
Ɗana Ɗan_Fagge, bari in ɗan koma da kai baya, don wanda bai san inda aka fito ba ba zai gane inda aka dosa ba. Bayan samun 'yanci a 1922, musamman daga 1932, Ayalan ta gwada rufe ƙofa, ta ɗora haraji mai nauyi kan kayan waje don ta dogara da kanta. Abin bai kai ta ko'ina ba. A shekarun 1950 mutum sama da 400,000 suka bar ƙasar, yawancinsu zuwa Ingila aikin gini da jinya, alhali duka-duka mutanen ba su kai miliyan uku ba. A 1958 wani babban ma'aikacin ma'aikatar kuɗi, T.K. Whitaker, ya rubuta rahoton da ya juya akalar, firaminista Seán Lemass kuma ya aiwatar. A 1959 aka buɗe yankin ciniki maras haraji a Shannon. A 1967 sakandare ta zama kyauta, a 1973 suka shiga ƙungiyar kasuwar Turai. Pfizer ta sauka kusa da Cork a 1969, Apple a Cork a 1980, Intel a Leixlip a 1989. Duk da haka a tsakiyar shekarun 1980 rashin aikin yi ya kai wajen kashi 17. Sai a tsakiyar 1990 abin ya kankama. Ƙidayar 2022 ta samu mutum miliyan 5.15, karon farko da aka haura miliyan biyar tun 1851. Ƙasar da sana'arta ita ce fitar da 'ya'yanta ta koma mai karɓar baƙi. Wanda zai ce buɗe ƙofa bai amfani talakan Ayalan ba, to bai san talaucin da aka fita daga cikinsa ba.

Hauwa_Limerick:
Baba, duk abin da ka faɗa haka yake, amma ka tsallake waɗanda ƙofar ta daka. A garin nan na Limerick, kamfanin kwamfuta Dell ce uwa uba a da. Janairun 2009 ta sanar da kwashe aikin haɗa kwamfuta zuwa Łódź a Poland, mutum 1,900 suka rasa aiki, ban da na ƙananan kamfanonin da ke kai mata kaya. Ita kanta arhar ma'aikata da sauƙin haraji suka kawo ta, da ta ga inda ya fi arha ta ƙara gaba. Haka masana'antar tufafi ta Fruit of the Loom ta yi a Donegal, ta koma Maroko. Masana'antun sukari na Carlow da Mallow an rufe su a 2005 da 2006. Ayyuka sun dawo Limerick, ba ƙarya, na magunguna da na'urorin asibiti. Amma wanda ya shekara ashirin yana ɗaura sukurori a layin haɗa kaya ba shi ake ɗauka ba, mai digiri ake nema. Ku zo ku ga Moyross da Southill, sannan ku ga Castletroy wajen jami'a. Gari ɗaya ne, tafiyar 'yan mintoci a mota.

Ɗan_Fagge:
Anti Hauwa, abin da nake nufi ke nan. Ashe dai tazarar ta ƙaru.

Malam_Lissafi:
A'a, ka yi a hankali. Nan ne abin yake da ban mamaki. In ka auna abin da mutane ke samu daga kasuwa kawai, wato albashi da riba kafin gwamnati ta sa hannu, Ayalan tana cikin ƙasashen Turai mafi munin tazara. Injiniyan manhaja a bakin ruwan Dublin da mai share ofishinsa ba su da haɗi. Amma bayan an cire haraji an biya tallafi, sai ta dawo tsaka-tsaki, har ta fi Birtaniya da Amurka daidaito nesa ba kusa ba. Tsarin harajinsu yana danne mai babban albashi sosai, mai ƙarami kuma kusan ba ya biyan harajin albashi. Binciken ESRI, cibiyar nazarin tattalin arziki ta Ayalan, ya nuna tazarar kuɗin shiga bayan haraji ba ta ƙaru ba daga ƙarshen shekarun 1980, raguwa ma ta yi, a daidai lokacin da take faɗaɗa a yawancin ƙasashe masu arziki. Wato kasuwa tana raba mutane, gwamnati tana ɗinkewa.

Ummu_Sadiq:
Malam, alƙalumanka ba sa biyan haya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, mijina yana aiki, ba mu cikin matalauta a kowane littafi. Lokacin da mai gidanmu ya ce zai sayar, muka shiga neman wani. Ranar da aka sa don duba wani gida mai ɗaki biyu, na taso daga aikin dare na tarar da layi ya zagaya kwana. Kowa riƙe da fayil: takardar albashi, bayanan banki, wasiƙar shaida daga tsohon mai gida, wata daga wurin aiki. A gabana wata baiwar Allah 'yar ƙasa ce, malamar firamare, da jaririnta a keke ana yayyafi. Dillalin ya bar mu mu shiga biyar-biyar, ko minti uku ba a yi ba ya ce a ba na baya wuri. Bangon banɗaki baƙi ƙirin da danshi, amma ba wanda ya ce uffan, kowa tsoro yake a cire sunansa. Ni da ita da wanda ya sayi gidansa a 1995 za mu iya zama masu albashi ɗaya a takarda. Shi ya gama biya, gidansa ya ninka kuɗi. Mu kusan rabin abin da muke samu wani muke miƙa wa. Tazarar ba a albashi take ba yanzu, a makullin gida take.

Baban_Khalifa:
Hajiya ta gama magana. A ƙarshen 2024 waɗanda gwamnati ke ajiyewa a masaukin gaggawa sun haura 15,000, sama da 4,500 yara ne. Otal-otal ake kama musu. Akwai yaran da nake gani a tashar bas da kayan makaranta, daga otal suke fitowa. Kuma wannan lissafin bai haɗa da masu kwana a falon dangi ba.

Sarkin_Musu:
To amma ina ruwan dunƙulewar duniya da wannan? Google ce ta hana su gina gida? Austriya ma ƙofarta a buɗe take, amma wajen rabin mutanen Vienna a gidajen gwamnatin birni ko masu rangwame suke zaune. Ƙananan hukumomin Ayalan a da suna gina gidaje da yawa, suka sayar wa mazauna, suka rage gini, suka koma biyan masu gidan haya ta tsarin HAP, wato tallafin kuɗin haya. Wannan zaɓin 'yan siyasarsu ne. Kada a ɗora wa kasuwar duniya laifin da aka yi a majalisar Dublin.

Malam_Lissafi:
Kana da gaskiya rabi. Amma bi tarihin gidajen ka gani. Bayan shiga kuɗin Yuro, bankunansu suka riƙa ciyo bashi mai arha daga kasuwannin waje suna zuba wa magina. A 2006 an gina gida wajen 90,000 a ƙasa mai mutum miliyan huɗu da ɗoriya. Da kasuwar duniya ta tsaya a 2008, a ƙarshen Satumba gwamnati ta tsaya wa bankunan lamuni. Ceton ya lashe kusan Yuro biliyan 64, Anglo Irish Bank kaɗai ya ci kusan rabi. Nuwamban 2010 Tarayyar Turai da IMF suka shigo da shirin biliyan 85. Aka rage albashi, aka ƙirƙiro sabon haraji kan kuɗin shiga mai suna USC, rashin aiki ya kai wajen kashi 15. Magina suka karye, birkiloli da masu aikin lantarki suka tafi Kanada da Ostireliya. A 2013 gidajen da aka kammala ba su kai 5,000 ba. Daga nan aka sayar da basussukan da suka lalace ga manyan asusun zuba jari na waje da arha. Kafin gini ya farfaɗo, kamfanonin fasaha sun cika Dublin da masu babban albashi. Kuɗin waje ne ya hura wutar, shi ya janye, shi kuma ya dawo ya saye abin da ya rage. 'Yan siyasa sun yi sakaci, amma ba su kaɗai suka yi rawar ba.

Sarkin_Musu:
Wa ya tilasta musu tsaya wa bankuna? Iceland ta bar nata sun faɗi.

Malam_Lissafi:
Iceland tana da kuɗinta na kanta. Ayalan a cikin Yuro take, Babban Bankin Turai kuma bai yarda a ƙona manyan masu ba bankunan bashi ba. Wannan ma wani fanni ne na buɗe ƙofar da muke magana.

Ummu_Sadiq:
Ku tuna da abin da ya faru a Maynooth a 2021, da aka ji wani asusun zuba jari zai saye mafi yawan gidajen wata sabuwar unguwa gaba ɗaya don ya ba da haya. Sai da mutane suka yi ca kafin gwamnati ta sa harajin kashi 10 ga duk mai sayen gida goma ko fiye. Yaya sabbin ma'aurata za su yi takara da mai biliyoyi?

Ɗan_Mai_Wurno:
Salam ga kowa. Ni daga Sudan nake, likita a wani asibiti a yammacin ƙasar. Bari in kawo ɓangaren lafiya, tunda an ce ingancin rayuwa. Tsawon rai a nan ya haura shekara 82, yana cikin mafi kyau a Turai, wannan nasara ce ta gaske. Amma ku zo sashen gaggawa a watan Janairu. Gadajen turawa jere a baranda, tsohuwa mai shekara tamanin da wani abu ta kwana a kai ƙarƙashin fitilar da ba a kashewa, ina duba ƙirjinta ba labule, 'yarta na tsaye ta kare ta da rigar sanyi. Ganin likitan unguwa wajen Yuro 60 ne in ba ka da kati. Kusan rabin mutane suna biyan inshorar kansu don su tsallake layi, sauran kuma su jira. Abin dariyar shi ne likitocin da ƙasar ta horar da kuɗinta suna Perth da Sydney, mu kuma daga Sudan da Pakistan da Najeriya muka cike gurbinsu, ma'aikatan jinya daga Indiya da Filifin. Asibitin Sennar da ya rasa ni, ba wanda ya cike masa gurbi.

Zinder_227:
Likita ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Kuna ta lissafin abin da duniya ta yi wa Ayalan, ba ku lissafa abin da Ayalan ke yi wa wasu ba. Tun da Turai ta cire ƙayyade yawan madarar da manomi zai tatsa a 2015, Ayalan ta ƙara shanu sosai. Ana cire man a yi bota a sayar da tsada, a maye gurbinsa da man ja ko wani man itace, a busar a turo mana Afirka ta Yamma a buhu. Mai shayi da mai yogot a nan ita suke saye don ta fi arha. Bafulatanar da ta ɗauko nono a ƙwarya da wa za ta yi takara?

Ɗan_Fagge:
Ikon Allah. Ashe madarar buhun nan har da tasu.

Tsohon_Malami:
Har da wani kason kifin daskararre da ake ci a Najeriya, daga tashar Killybegs yake tasowa. Alaƙar ta daɗe. Makarantar St. Louis ta Kano ma matan cocin Ayalan ne suka kafa ta.

Admin_Zaure:
Jama'a a dawo kan batu. Maganar madara a buɗe mata nata zaren, tana da faɗi.

Hauwa_Limerick:
To na dawo. Akwai waɗanda ba a ambata ba sam, su ne Travellers, 'yan asalin ƙasar masu al'adar yawo. Sai a 2017 gwamnati ta amince da su a matsayin ƙabila ta daban. A ƙidayar 2016 rashin aikin yi a cikinsu kashi 80 ne. Wani babban bincike na 2010 ya gano namijinsu yana rayuwa ƙasa da sauran maza da shekara 15. Duk bunƙasar nan ta wuce ta kansu. Su ba baƙi ba ne, ba kuma kamfanin waje ne ya ware su ba. Wannan ya ɗan goyi bayan Sarkin_Musu, ko da yake ba na son ba shi gaskiya.

Sarkin_Musu:
Na gode Anti, na karɓa ko babu so.

Bakatsine_Cork:
Ni a kamfanin magunguna nake aiki, kuma zan faɗi alherin da na gani. Abokan aikina da yawa 'ya'yan ƙananan manoma ne daga Kerry da yammacin Cork. Iyayensu ba su wuce firamare ba, kawunnansu suna Boston da Birmingham. Su kuwa sun yi karatu, suna aiki awa ɗaya daga gidan da aka haife su, ranar Lahadi suna filin wasan ƙauyensu. Wannan shi ne abin da kakanninsu suka roƙa ba su samu ba. A rahoton ci gaban ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ƙasar ta zo ta biyu, bayan Norway. Kada haya ta rufe mana ido.

Malam_Lissafi:
Bakatsine, wancan rahoton ma akwai kuɗin shigar ƙasa a cikin lissafinsa, kuma bai tsira daga kumburin da na faɗa ba. Amma maganar 'ya'yan manoma gaskiya ce.

Ummu_Sadiq:
Ɗan'uwa, shekarunsu nawa abokan naka? Waɗanda suka haura arba'in na yarda. Mu a sashenmu yara 'yan ƙasa masu shekara ashirin da wani abu, in ba a ɗakin yarintarsu suke kwana ba, to suna cike takardar Ostireliya. Kowane 'yan watanni sai mun yi karo-karo mun sayi kek na sallama. Ba aiki suka rasa ba kamar iyayensu, wurin zama suka rasa. Kana ganin banza jam'iyyar adawa ta Sinn Féin ta fi kowace jam'iyya ƙuri'un zaɓin farko a 2020? Gida ne da asibiti.

Baban_Khalifa:
Kuma fushin nan kanmu yake sauka. Mutum ɗaya cikin biyar a ƙasar nan a waje aka haife shi. A 2004 su da Birtaniya da Sweden ne kaɗai suka buɗe wa 'yan Poland da sauran sabbin ƙasashen Tarayyar ƙofar aiki nan take. A shekarar ce kuma suka yi ƙuri'ar da ta soke ba duk jaririn da aka haifa a ƙasar takardar zama ɗan ƙasa, kuma kowa ya san matan Afirka aka riƙa nunawa da yatsa a lokacin. Daren 23 ga Nuwamban 2023 da aka ƙona bas da jirgin ƙasa na cikin gari, Luas, a tsakiyar Dublin, ban bar iyalina sun fita washegari ba. Wanda ya shekara goma a layin gidan gwamnati, in aka ce masa baƙo ne ya cinye rabonsa, sai ya yarda, don baƙon yake gani a titi, ba ya ganin asusun zuba jari.

Bakatsine_Cork:
Haka ne, amma a yi adalci. Ƙasar da garin Portlaoise ya zaɓi Rotimi Adebari, ɗan asalin Najeriya, magajin gari a 2007, ƙasar da yau Rhasidat Adeleke, 'yar tseren da iyayenta 'yan Najeriya ne, ke gudu da tutarta kowa na tafi. A Ballyhaunis, wani ɗan ƙaramin gari a Mayo, akwai masallaci tun shekarun 1980. Masu ƙone-ƙonen ba su ne yawancin mutane ba.

Yar_Agadez:
Ni tambayata daban. Masu neman mafaka fa? Na ga hotunan tantuna a bakin wani magudanin ruwa a Dublin.

Baban_Khalifa:
Gaskiya ne 'yar'uwa, a 2024 aka yi wannan, lokacin da gwamnati ta ce ba ta da gadon da za ta ba maza marasa iyali. Wanda ya samu wuri kuma yana shiga tsarin da suka kafa tun 2000: masauki da abinci da Yuro 38.80 a mako ga babba. Wasu sun samu takarda amma suna nan a masaukin, don ba gidan da za su kama. Duk wanda ya ce miki hanya ce mai sauƙi, ki bincike shi.

Malam_Lissafi:
Na ce zan dawo kan haraji. Tun 2003 harajin kamfani kashi 12.5 ne, daga 2024 manya suka koma 15 bisa yarjejeniyar OECD, ƙungiyar ƙasashe masu arziki. A 2016 Hukumar Tarayyar Turai ta ce Apple ta biya Ayalan Yuro biliyan 13 na harajin da aka yi mata rangwame ba bisa ƙa'ida ba. Gwamnatin Ayalan da kanta ta ɗaukaka ƙara don kada a ba ta kuɗin! Sai a Satumban 2024 kotun ƙolin Turai ta rufe maganar, kuɗin suka shigo dole. Me ya sa ƙasa za ta ƙi biliyan 13? Don ta san a kan me take tsaye. Ɗinkin da na ce gwamnati na yi tsakanin mai kuɗi da talaka, wani babban kasonsa da kuɗin kamfanoni ƙalilan ake yi, waɗanda shugabanninsu ke California da New York. In Amurka ta sauya dokar harajinta, ko ta matsa wa kamfanonin magani su koma gida, kasafin kuɗin Dublin ne zai girgiza. Su ma sun sani, shi ya sa a 2024 suka kafa asusun ajiya don gaba.

Sarkin_Musu:
Shekara nawa ana cewa za su tafi? An rufe dabarar kaucewa harajin nan da ake yi ta kamfani biyu, aka ce shi ke nan, sai kuɗin ma suka ƙaru. Intel ba za ta ɗauki masana'antar Leixlip a ka ta gudu ba. Bayan ficewar Birtaniya, Ayalan da Malta ne kaɗai masu Turanci a hukumance a Tarayyar, kuma Malta ba ta da girman ɗaukar su.

Hauwa_Limerick:
Haka mutanen garin nan suke cewa kafin 2009.

Ɗan_Mai_Wurno:
Ni abin da ya fi ɗaure mini kai, kuɗin suna nan amma ba sa zama abin da ido zai gani. Filin jirgin saman Dublin har yau ba jirgin ƙasa da ke zuwa. Sabon asibitin yara na ƙasa ya haura Yuro biliyan 2. Cibiyoyin ajiyar bayanan intanet sun sha kashi 21 na wutar lantarkin ƙasar a 2023, alhali kuɗin wutar gida yana cikin mafi tsada a Turai. Gwamnati na da rarar kuɗi, amma magina da bututun ruwa da layin wuta ba sa isa.

Ɗan_Fagge:
To yanzu in na fahimta: Baba da Bakatsine sun ce an fita daga talauci, Malam ya ce tazarar albashi ba ta ƙaru ba amma ginshiƙin na rawa, Hajiya ta ce tazarar ta koma tsakanin mai gida da ɗan haya. Ni har yanzu ina kan bakana cewa an bar wasu a baya. Amma ga wata tambaya: Ayalan ta Arewa fa, da ke ƙarƙashin Birtaniya? Tsibiri ɗaya ne, ita ba ta samu wannan ruwan kamfanonin ba. Wa ya fi jin daɗi?

Baban_Khalifa:
A Belfast haya ta fi sauƙi sosai, ganin likitan unguwa kyauta ne. Mutanen nan ma Newry, wani garin arewa da ke kusa da iyaka, suke tsallakawa sayayya in fam ya faɗi. Amma albashi ya fi ƙasa, kuma layin jiran asibitinsu shi ne mafi muni a duk Birtaniya.

Malam_Lissafi:
ESRI ta kwatanta su: kudu ta fi a kuɗin da ke rage wa iyali bayan haraji, ta fi a tsawon rai, ta fi a yawan yaran da ke kammala makaranta. Amma kwatancen da gyara, don arewa ta sha rikici na kusan shekara 30 kafin yarjejeniyar 1998, kuma Landan ce ke cike mata giɓin kasafi duk shekara.

Sarkin_Musu:
Kun ga ni. Inda kamfanonin suka sauka ya fi.

Ummu_Sadiq:
Akwai wata a sashenmu da ke zaune a Newry tana tuƙo mota zuwa Dublin kowane aiki, ta ci albashin kudu ta biya hayar arewa. Ƙarfe biyar na asuba take fitowa. Sarkin_Musu, ita a wane ɓangaren za ka lissafa ta?